Tambayoyi da amsoshi kan kalmomin 'yan jirgin ruwa da masu auna teku

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin ɗaliban safiyo, da yaran da ke neman shiga sojan ruwa ko makarantar koyon aikin jirgi, harda waɗanda kawai a labarai suka ji an ce jirgi ya kafe ko ya kutsa ruwan wata ƙasa da mil kaza suka rasa gane kan zancen. Ba a jere suke kaman na littafin makaranta ba, wanda ya san wata sai ya tsallake zuwa ta gaba.

Wai mene ne haidirogirafi ɗin nan?

Aikin auna ruwan da jirgi ke bi ne da zana shi a taswira: zurfinsa, abin da ke kwance a ƙasansa ko yashi ne ko laka ko dutse, inda gaɓa ta tsaya, yadda ruwan ke cika da janyewa, da inda yake ja. Duk dan jirgi ya wuce lafiya bai daki komai ba. Ƙungiyar da ke tsara ma duniya ƙa'idojin aikin ita ce IHO, hedikwatarta na Monako, an kafa ta a 1921, kuma Najeriya mamba ce. A nan gida sojojin ruwa ne suka daɗe suna riƙe da aikin, suna da jirgin awo mai suna NNS Lana da aka ƙera a Faransa ya iso a 2021.

Ba shi ne aikin masu hasashen ambaliya ba?

A'a, wancan haidiroloji ne, su ruwan sama da yawan ruwan da kogi ke kwararowa da ambaliya suka dame su, irin aikin hukumar NIHSA. Mai haidirogirafi tambayarsa ɗaya ce: jirgi zai wuce nan ko ba zai wuce ba.

Me ya sa mil ɗin teku ya fi na ƙasa tsawo?

Mil ɗin ƙasa mita 1,609 ne da ɗan wani abu, na teku kuwa mita 1,852 cif, haka aka yi ittifaƙi a wani taro a Monako a 1929. Ba ganin dama aka yi ba, daga jikin duniyar aka ciro shi. In ka raba digiri ɗaya na latitud (wato nisa daga layin tsakiyar duniya, arewa ko kudu) gida 60, kowane kaso sunansa minti, to minti ɗaya ɗin nan in ka auna shi a doron ƙasa kusan mil ɗaya ne na teku. Amfanin abun shi ne matuƙi ba ya buƙatar wani dogon lissafi, zai buɗe abin awonsa mai ƙafa biyu tsakanin inda yake da inda za shi, ya ɗauke shi haka a buɗe ya kai gefen taswira na hagu ko na dama inda aka jera latitud, mintoci nawa ya ci, to mil nawa ke nan. Amma fa gefe, ba sama ko ƙasa ba. Lambobin sama da ƙasa na longitud ne, wato nisa gabas ko yamma, su kuma tazararsu tsukewa take yi in ana nisa da tsakiyar duniya, sababbin ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa.

Shi kuma not fa?

Gudun jirgi ne, not ɗaya mil ɗaya na teku a awa guda, wato kilomita 1.852. Jirgin da ke yin not 20 yana gudun kilomita 37 a awa, wanda a mota ba komai ba ne amma ga jirgin kwantena gudu ne sosai. A da can igiya suke ƙullawa, tsakanin ƙulli da ƙulli mita 14 da ɗan ɗori, a ɗaure katako a bakinta a jefa bayan jirgi, wani na riƙe da agogon yashi na daƙiƙa 28, ƙulli nawa ya zare ta hannun mai riƙe da igiyar kafin yashin ya ƙare shi ne gudun. Kuma ba a cewa not kaza a awa, awar na ciki tuni.

Na ga tsohuwar taswira an rubuta zurfi da fadom, mita nawa ne?

Gaba ce, irin wadda masu haƙar rijiya ke aunawa da buɗe hannuwa biyu. An tsayar da ita a ƙafa 6, mita 1.83 kusan. Yawancin taswirorin yanzu da mita suke, amma har yau akwai na Amurka masu ƙafa da fadom, shi ya sa kafin ka karanta ko lamba ɗaya sai ka duba ƙarƙashin sunan taswirar ka ga da wane ma'auni aka rubuta ta. 5 a fadom ya haura mita 9, 5 a ƙafa kuwa mita ɗaya da rabi ne.

Lambobin da aka barbaɗa a kan taswirar teku su ne zurfin ruwan?

Eh kuma a'a, kuma in akwai tambaya ɗaya da nake so a tsaya a gane ta sosai to wannan ce. Ruwan teku ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka kullum, dan haka in an ce zurfi mita 9 dole a tambaya, daga ina aka fara aunawa, da safe ko da yamma, ran nawa ga wata. Abin da aka yi shi ne aka zaɓi wani mataki guda na ruwa aka ce daga nan za a riƙa ƙirgawa, sunansa datum na taswira. Ingila da ƙasashe da dama suna amfani da LAT, wato matakin da ya fi kowane ƙasa da lissafin rana da wata ya nuna ruwa zai iya janyewa ya kai. Amurka kuma nata daban, MLLW, wato matsakaicin janyewa mafi ƙasa ta kowace rana, wanda bai kai wancan ƙasa ba. An zaɓi na ƙasa ne da gangan sabida kusan ko yaushe ruwan da za ka tarar ya fi wanda aka rubuta, kuskuren ya zama a ɓangaren tsira.

To ga yadda lissafin ke tafiya. Taswira ta ce 9, jadawalin cikar teku ya ce ƙarfe huɗu na yamma ruwa zai hau da mita 1.2, zurfin gaske a lokacin 10.2 ke nan. Jirginka ya nutse mita 9.5, saura santimita 70 tsakanin cikinsa da ƙasa. In ka makara ruwa ya janye ya koma kusa da datum, wannan hanyar ta rufe maka sai wata cikar.

Wasu ƙananan abubuwa da ake gani a jikin takardar: lamba babba da wata 'yar ƙarama a gindinta, kaman 9 da ɗan 4, tana nufin mita 9.4. Lambar da aka ja wa layi a ƙasa ba zurfi ba ne, tudu ne da ke fitowa fili in ruwa ya janye. S yashi, M laka, R dutse, Wk jirgin da ya nutse. Mai neman inda zai jefa anka laka yake so ko yashi, a kan dutse ko dai ta ƙi kamawa ko ta maƙale ta ƙi fitowa.

Me ke kawo cikar teku da janyewarta?

Jan da wata ke wa ruwa, rana ma na taimakawa amma na wata ya fi ƙarfi sabida kusancinsa. A yawancin gaɓoɓi sau biyu ruwa ke cika a yini, tsakaninsu awa 12 da minti 25, dan haka kullum lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50. Mu da ke bin lissafin watan Musulunci abun ya zo mana da sauƙi: wajen tsayuwar wata da kuma 14 zuwa 15 ga wata, lokacin rana da wata suna layi ɗaya, cikar ta fi girma janyewar ma ta fi nisa. Wajen 7 ga wata da 22 kuma bambancin kaɗan ne. A Legas duka-duka wajen mita ɗaya ne tsakanin cika da janyewa, amma a mashigin Fundy na Kanada yana kai mita 16, jiragen masunta sai ka gan su zaune a kan laka da rana.

Ya ake auna zurfin, mutum ke nutsewa?

Haba dai. Da igiya aka fara, mai darma a baki, ana liƙa kitse a gindin darmar yadda in ta taɓa ƙasa za ta ɗauko yashi ko laka a ga irin ƙasan wurin. Yanzu sauti ake turawa. Na'urar na manne a cikin jirgin tana aika ƙara zuwa ƙasa tana jiran amsa-kuwwa, sauti kuma na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, in ya je ya dawo cikin daƙiƙa 0.04 sai a ninka a raba biyu, mita 30 ke nan. Akwai mai harba layi ɗaya, akwai ta zamani mai harba ɗaruruwa a baje lokaci guda ta share faffaɗan wuri. Wahalar ita ce gudun sautin na canzawa da zafin ruwa da gishirinsa, sai an riƙa sauke wata na'ura ana auna shi, ga jirgin na tangaɗi shi ma sai an cire wannan daga lissafi, ga cikar teku ta lokacin da aka yi awon ita ma a cire kafin a samu lambar da za a buga.

To ai an gama auna teku duka ko?

Ko kusa. Wanda aka auna da na'urar zamani bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu da ɗan wani abu ba na ƙasan tekun duniya. Akwai taswirorin da ake amfani da su yau da lambobinsu tun zamanin igiya da darma ne, shi ya sa ake saka wani ɗan zane a gefe da ke nuna wane yanki aka auna a wace shekara, kuma mutane ba su cika duba shi ba. In ka ga PA kusa da wani abu, wurin da aka sa shi kintace ne. ED kuma ana ma shakkar ko akwai shi. A 2005 jirgin yaƙin Amurka mai tafiya ƙarƙashin ruwa, USS San Francisco, ya daki wani dutse a kudu da Guam da cikakken gudu, dutsen babu shi a taswirar da suke bi. A 2012 kuma akasin haka aka samu, wani tsibiri mai suna Sandy da ya daɗe a taswirori kusa da New Caledonia, masu bincike daga Ostireliya suka je wurin suka tarar ruwa ne zalla mai zurfi. Saboda irin wannan ne ofishin taswirorin teku na Ingila ke fitar da sanarwar gyara duk mako, kuma wajibi ne jami'in jirgi ya shigar da gyaran a taswirarsa.

Diraf fa, da zanen da ake gani a jikin jirgi kaman tsani?

Diraf shi ne yadda jirgi ya nutse, daga saman ruwa zuwa can ƙasan cikinsa, ana karanta shi daga lambobin da aka rubuta a goshi da tsakiya da bayan jirgin. Shi ke yanke wace tasha jirgi zai iya shiga, dalilin da ya sa aka yi ta maganar tashar Lekki ke nan, zurfinta ya kai mita 16.5, tana ɗaukar manyan da Apapa ba ta iyawa.

Zanen kuma, da'ira da layi ya ratsa ta da wasu layuka a gefe, alamar iyakar lodi ce. Ana kiranta da sunan Samuel Plimsoll, ɗan majalisar Ingila da ya yi ta faɗa da masu jiragen da ke cika kaya fiye da ƙima, har aka yi doka a 1876. Layukan da yawa ne sabida ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi, jirgi ɗaya da kaya ɗaya in ya baro teku ya shigo kogi sai ya ƙara nutsewa. F na ruwan daɗi, T na yankin zafi irin namu, S bazara, W hunturu, WNA hunturun arewacin Atilantika wanda ya fi kowanne tsanani.

Akwai kuma wani abu da ake kira sikwat. In jirgi na gudu a ruwa mara zurfi, ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashinsa na ƙara sauri, sai jirgin ya ƙara zama ƙasa. Shi ya taimaka wajen sa jirgin fasinja QE2 ya gogi dutse a gaɓar Massachusetts a 1992. Maganinsa rage gudu.

Latitud da longitud kullum rikice min suke.

Latitud nisanka daga layin tsakiyar duniya, arewa ko kudu, 0 zuwa 90. Kano na wajen digiri 12 arewa, Legas 6 da rabi. Wannan tun da can ba shi da wuyar samu, tsayin tauraruwar arewa daga inda sama ta haɗu da ƙasa shi ne latitud ɗinka, matuƙan Larabawa a tekun Indiya da ɗan katako da zare suke auna shi suna ƙirgawa da yatsu.

Longitud kuma nisanka gabas ko yamma daga layin Greenwich, wanda aka amince da shi a taron Washinton na 1884, shi ne dai na agogon GMT da ake ji a rediyo, kuma layin ya ratsa ta Tema a Gana. Longitud lokaci ne a zahiri. Duniya na juya digiri 15 a awa, digiri ɗaya minti 4. Maiduguri na gabas da Legas da kusan digiri 10, shi ya sa rana ke yin tsaka a can da kusan minti 40 kafin Legas duk da agogonsu ɗaya, mai azumi ya san wannan ba sai an gaya masa ba. To matuƙi in ya san ƙarfe nawa a Greenwich daidai lokacin da rana ta yi tsaka a inda yake, ya samu longitud. Matsalar ita ce agogon da zai jure tangaɗin jirgi da zafi da sanyi bai ɓata lokaci ba, har majalisar Ingila ta sa ladar fam 20,000 a 1714, wani kafinta mai suna John Harrison ya ƙare rayuwarsa a kan ƙera shi.

GPS ɗina ya nuna wuri, tsohuwar taswirar safiyo ta nuna wani wuri daban. Wa ya yi ƙarya?

Ba wanda ya yi. Wani datum ɗin ne kuma, wannan karon na wuri ba na zurfi ba. Duniya ba ƙwallo ce sumul ba, dan haka masu awo sai sun zaɓi wata siffa ta lissafi da ta yi kusa da ita su ɗora lambobi a kai. GPS na aiki da datum mai suna WGS 84. Tsofaffin taswirorin Najeriya da takardun filaye da yawa kuwa a kan datum na Minna suke, wanda tushensa wata alama ce mai lamba L40 kusa da Minna. Lamba iri ɗaya a tsarin biyu na iya faɗawa wurare biyu da gomman mitoci a tsakani. Kaman a ce maka tiya goma ne ba a faɗa maka tiyar wace kasuwa ba. A tsakiyar teku wannan ba komai, amma a hanyar shiga tasha ko rikicin iyakar gona, babban abu ne. Duk wanda ya ba ka lambobin wuri ka tambaye shi a wane datum.

Da gaske ne taswirar duniya ta rage girman Afirka?

Wadda aka fi sani, ta Gerardus Mercator ta 1569, eh tana kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, har Girinlan ta yi kaman ta kai Afirka alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Amma a ganina mutumin ba shi da laifi, dan matuƙa ya yi ta, kuma ga matuƙi ta yi daidai: in ka ja miƙaƙƙen layi daga tasha zuwa tasha, kusurwar layin ita ce za ka ɗora kamfas a kai ka bi har ka isa. Laifin na waɗanda suka rataya ta a ajin firamare ne. Ba yadda za a yi a shimfiɗe abu mai zagaye a takarda sai wani abu ya lalace, ko girma ko siffa ko nisa, sai dai ka zaɓi wanda za ka iya haƙura da shi.

Wani abin kuma, miƙaƙƙen layin nan ba shi ne hanya mafi kusa ba. Mafi kusa ita ce ta babbar da'ira, wadda a takarda take fitowa a lanƙwashe. Da ita ake lissafin alƙibla, shi ya sa masallatan Amurka ke kallon arewa maso gabas duk da Makka ta fi su kudu a taswira. Daga Kano alƙibla na wajen digiri 68, gabas ce amma a karkace zuwa arewa.

Digiri 68 daga ina?

Daga arewa, ana zagayawa ta hannun dama. Arewa 000, gabas 090, kudu 180, yamma 270, kuma a jirgi da lamba uku ake faɗa ko yaushe, sifili-shida-takwas, dan kar a ji wani abu daban a rediyo. Sai dai arewar ma biyu ce, ta gaskiya da ta maganaɗisu wadda allurar kamfas ke nunawa. Bambancinsu ya danganta da wuri kuma yana canzawa da shekaru, ana rubuta shi cikin da'irar kamfas da ke jikin taswira. Ƙarfen jirgin kansa ma na jan allurar, wannan kuskure na biyu ke nan, kowane jirgi da katinsa na gyara. Manyan jirage suna da kamfas na jairo da ba ruwansa da maganaɗisu, amma doka ta ce sai an ajiye na allurar ko da wuta za ta ɗauke.

Kuma inda goshin jirgi ke kallo daban, inda yake tafiya a zahiri daban, iska da jan ruwa na tura shi gefe. Duk mai fito a kogi ya san in yana son sauka a kwatar da ke tsallake sai ya nufi sama da ita.

Sikeli babba da ƙarami?

1:50,000 na nufin santimita ɗaya a takarda mita 500 ne a ƙasa. Babban sikeli ƙaramin wuri yake nunawa dalla-dalla, kaman cikin tasha. Ƙaramin sikeli teku guda. Ana yawan juya su.

Jar fitila da koriya a jirgi na mene ne?

In kana cikin jirgi kana kallon gaba, hagu fot, fitilarsa ja, dama sitabod, fitilarsa kore, baya fara. Da dare da su kake gane inda wani jirgi ya dosa. Ja kawai ka gani, hagunsa kake kallo. In ka ga ja da kore tare to kai ya nufo, kuma dokar kauce wa karo ta 1972 ta ce kowa ya karkata damansa.

Boya, wato alamomin da ke yawo a kan ruwa a ɗaure da sarƙa, su ma da launi suke magana, sai dai duniya ta kasu biyu. A Afirka da Turai da yawancin Asiya, in kana shigowa tasha daga teku ja na hagunka kore na damanka. A nahiyar Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Filifin an juya, ja a dama. Masu baƙi da rawaya kuma suna gaya maka ta wane ɓangare za ka bi ka kauce wa haɗari, arewa ko kudu ko gabas ko yamma.

ECDIS, AIS, su kuma fa?

ECDIS taswira ce a kan allon kwamfuta, haɗe da GPS, tana ƙara in jirgi ya doshi wurin da ba zurfi, in dai jami'in ya saka mata diraf ɗinsa daidai. AIS kuma na'ura ce da ke sanar da sunan jirgi da wurinsa da gudunsa ga na kusa, ita ce ake gani a shafukan bibiyar jirage a intanet, kuma masu satar ɗanyen mai da masu kamun kifi ba izini kashe ta suke yi. Duka biyun da tauraron ɗan adam suka dogara, shi kuma ana iya toshe shi ko a yi masa ƙarya, dan haka har yanzu ana koyar da lissafin wuri daga gudu da lokaci da kusurwa, da duba na'urar rada, da leƙawa ta taga. Tasha ta 16 a rediyon VHF ita ce ta kira da neman agaji, Mayday in rai na cikin haɗari, Pan-Pan in matsala ce da ba ta kai nan ba.

Ina ruwan ƙasa ya tsaya, ina na kowa ya fara?

Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ce ta tsara. Daga layin tushe, wanda yawanci inda ruwa ke tsayawa ne in ya janye, mil 12 na teku mallakin ƙasa ne, jiragen waje na da damar wucewa salin-alin kawai. Zuwa mil 24 tana iya bin masu fasa-ƙwauri da laifin shige da fice. Zuwa mil 200 kifi da mai da iskar gas nata ne amma hanya ta kowa ce. Ka ga ashe mai awon gaɓa ne ke fara ja wa ƙasa iyakar rijiyoyin man fetur ɗinta.

Mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da wannan?

Kayan da ke shiga Nijar ta tashoshi irin su Kwatano da Lome suke biyowa, na Cadi yawanci ta Duwala, in yashi ya cike hanyar tasha manyan jirage suka daina shiga za a ji a farashi har Maraɗi. Sannan kogi ma auna shi ake yi. Rikicin Nijar da Benin kan tsibirin Lete, kotun duniya ta yanke shi a 2005 da cewa iyaka ta bi layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jirgi cikin kogin Kwara, aka duba sakamakon awon zurfi, Lete ya faɗa ɓangaren Nijar.

Kogi ma ya fi teku wuyar sha'ani ta wani fannin, dan tudun yashi tashi yake ya koma wani wuri bayan kowace damina, taswirar bana ba lallai ta yi aiki baɗi ba. An ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro a 2009 zamanin Shugaba 'Yar'aduwa, an buɗe tashar Baro a 2019, amma yashi ba ya jiran kowa, in ba a ci gaba da awo da yashewa ba hanyar cikewa take. A tafkin Kainji kuma ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama dam ɗin a 1968, suna ɓoye in ruwa ya cika suna kusa da sama in ya ja baya. Matuƙan kwale-kwale na Yawuri sun san wuraren nan da ka, daga iyayensu suka gada, sai dai sanin yana aiki ne da rana lokacin da ake ganin launin ruwa da alamun gaɓa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya, ni dai ina ganin da za a ƙara da dasa boya a sanannun wuraren haɗari da an rage asarar rayuka sosai.

In ina son in koyi aikin, ta ina zan fara?

In tuƙin jirgi kake so, akwai makarantar koyon aikin jirgi ta Oron a Akwa Ibom, akwai jami'ar harkokin teku ta yanki da ke Akara a Gana, amma ka sani takardar makaranta kaɗai ba ta isa, sai ka samu jirgin da za ka yi watannin horo a teku kafin ka zauna jarabawar lasisi, kuma samun wannan gurbin shi ne inda yara da yawa ke maƙalewa, dan haka ka yi tambaya a kansa tun kafin ka biya kuɗin makaranta. In awo da zana taswira ne, ka fara da karatun safiyo a jami'a ko makarantar safiyo ta tarayya da ke Oyo, ko ka shiga ta sojan ruwa, daga baya ka nemi kwas ɗin da duniya ta amince da shi, mataki na B na masu aikin fili, na A na masu jagorantar aikin. Lissafi da fizis dole ne, musamman lissafin kusurwa, sai Turanci dan da shi ake magana a rediyon jirgi ko'ina a duniya. Masu son tuƙi kuma su je a gwada musu ido tun wuri, wanda ba ya bambance ja da kore ba a ba shi lasisin aikin saman jirgi.